Alamar Jam'iyya da Ƙuri'ar Talaka a Arewacin Zamfara

Ƙauran Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, garuruwa ne uku a arewacin ƙasar Zamfara, ba nisa da iyakar Nijeriya da Nijar. A zamanin Turawa duk cikin Lardin Sakkwato su ke, ƙarƙashin En'e ta Sarkin Musulmi. Sarkin Kiyawa ke riƙe da Ƙaura, Sarkin Zamfara ke riƙe da Zurmi, Shinkafi kuwa kasuwarta ta Alhamis ita ta fid da sunanta. Cikin 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau ta iso Ƙaura, nan ta tsaya. Ƙaura ta zama matattarar gyaɗa da auduga, ta cika da fatake, da 'yan baranda, da ma'aikatan reluwe, da baƙi daga kudu. Inda baƙi su ke taruwa kuwa nan sabon labari ya kan fara sauka, sabo da haka da siyasa ta zo, ta bakin tasha ta shigo wannan ƙasa.

Abin da za mu duba shi ne yadda jam'iyyu suka riƙa nuna wa mutanen waɗannan garuruwa inda za su sa ƙuri'arsu, da abin da suka koya musu, da kuma abin da ba su koya musu ba.

Zaɓen 1951 ba irin wanda muka sani yanzu ba ne. Hawa-hawa aka yi shi. Magidanta masu biyan haraji su taru a ƙofar dagaci su fid da wakilansu, wakilan ƙauyuka su taru wurin hakimi su fid da nasu, haka dai har a kai ga taron Lardi, wanda shi ne ya ke zaɓen masu tafiya Majalisar Kaduna. A hawan ƙarshe kuma En'e tana da ikon ƙara waɗansu mutane nata cikin masu zaɓen. Manomin Zurmi dai ya ga mutumin da ya tsaya wa a ƙofar dagaci, amma wanda ya tafi Kaduna da sunansa, watakila bai taɓa jin labarinsa ba. A irin wannan zaɓe jam'iyya ba ta da abin da za ta koya wa talaka, don ba shi ne ke yanke magana ba. Jam'iyyun ma a lokacin jarirai ne. An kafa NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa, wadda a ke kira N.P.C., sai cikin Oktoba 1951 ta bayyana kanta jam'iyyar siyasa. A zaɓen Majalisar Arewa na 1956 aka fara jefa ƙuri'a a asirce cikin waɗansu manyan garuruwa, sauran ƙasa tana nan bisa tsarin hawa-hawa.

Ranar da abin ya sake ɗungum ita ce 12 ga Disamba 1959, ranar zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya, wanda zai nuna jam'iyyar da za ta karɓi mulkin kai daga hannun Ingila. Ran nan ne kowane baligi namiji da ya yi rajista a Arewa ya sami ikon zaɓen wakilinsa da hannunsa, ba wanda ya tsaya tsakani. Mata ba su cikin lissafi.

Ga yadda aka tsara. Mutum ya zo rumfar zaɓe, a duba sunansa cikin littafin rajista, a miƙa masa 'yar takarda. Ba zai rubuta kome a kanta ba. Sai ya shiga wani ɗaki shi kaɗai, ya tarad da akwatuna jere, kowane ɗan takara da nasa, an manna wa kowane akwati alamar mai shi. Ya zura takardarsa cikin wanda ya ke so, ya fito. An yi haka ne domin yawancin masu zaɓe ba su karanta boko, ko da ya ke a lokacin azuzuwan Yaƙi da Jahilci sun bazu, ana kuma buga wa Lardin Sakkwato 'yar jaridarsa mai suna Zaruma. To, ka ga dukan karatun zaɓe ya koma abu guda, watau gane alama. N.P.C. ta ɗauki fartanya, NEPU ta ɗauki tauraro, jam'iyyar Awolowo, A.G., ta ɗauki itacen kwakwa, N.C.N.C. ta Azikiwe kuwa zakara.

Wanda ya zaɓa wa N.P.C. fartanya ya san ƙasarsa. Ba gidan da za ka shiga daga Ƙaura har Shinkafi ka rasa ta rataye a rumbu ko a jingine bayan ɗaki, ba kuwa sai an yi wa manomi bayaninta ba. Wakilin jam'iyya ya isa kasuwa ya ɗaga ta sama, ya gama lacca. Tauraro shi ma yana da tasa fassara a bakin masu shi, haske ne a cikin duhu. Har gaisuwa ta rabu biyu, waɗannan su ce “Salama”, waɗancan su ce “Sawaba”, da jin kalma ɗaya ka san inda mutum ya dosa. Mawaƙa da maroƙa suka sa alamun cikin waƙa, yara suka ɗauka, domin abin da aka sa wa kiɗa ba ya ɓacewa a kai. A.G. kuwa da kuɗinta ta zo, har da jirage masu saukar ungulu suna watso takardu daga sama. Mutane sun fito kallo ƙwarai, amma kallo dabam, ƙuri'a dabam.

Bayan alama, sai 'yan gargaɗi da kowace jam'iyya ta ke nanata wa mutanenta: a tafi da wuri, a zura takarda ta cikin kafar akwati, kada a ajiye ta a bisansa, kada kuma a fito da ita. Wannan na ƙarshe yana da dalili. Tun da ba mai ganin abin da mutum ya yi a ɗakin, yana iya ɓoye takardarsa cikin aljihu ya fito ya sayar, wanda ya saya kuma ya tara da yawa ya ba wani amintaccensa ya shiga ya zuba su gaba ɗaya. Wannan ita ce babbar ɓarakar zaɓen akwati-akwati.

NEPU tana da wani darasi da ya fi waɗannan wuya, shi ne ta tabbatar wa talaka cewa ba wanda zai san akwatin da ya jefa. Ba abin ɓoyewa ba ne, a zamanin nan yawancin hakimai da dagatai da ma'aikatan En'e suna tare da N.P.C., Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne shugabanta, kuma wannan Lardinsa ne. Haraji a hannun En'e ya ke, haka kotun alƙali, haka 'yan doka, har izinin yin taron lacca wurinta a ke nema. Mutumin da ya tashi ya ga dagaci ya san yawan awakinsa da yawan damman gerorsa, da wuya ka rinjaye shi cewa akwai wani ɗaki da idon dagaci ba ya shiga. Shi ya sa NEPU ta fi samun gindin zama a garuruwan reluwe, kamar Gusau da Ƙaura, tsakanin 'yan kasuwa da teloli da mahauta da sauran masu sana'a, waɗanda abincinsu ba a gonar gandu ya ke ba. Da aka ƙidaya, cikin kujeru 312 na ƙasa duka, 174 na Arewa ne, N.P.C. ta ci 134, NEPU ta ci 8. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, shi ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960.

Duk wannan zaɓen mutum ne. Akwai wata irin ƙuri'a dabam, wadda ba mutum a ke zaɓe ba, tambaya a ke yi wa jama'a su amsa. Ana kiranta ƙuri'ar raba gardama. Mutanen Shinkafi da Zurmi sun ji labarinta tun da wuri, gama maƙwabtansu na Maraɗi sun yi ta. Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Dagol na Faransa ya tambayi ƙasashen da ke ƙarƙashinsa, ko su zauna cikin tarayya da Faransa, ko su fita nan take. Djibo Bakari, wanda ke shugabancin gwamnatin Nijar a lokacin, da jam'iyyarsa, ita ma Sawaba a ke ce mata, suka ce wa mutane su amsa a'a. Hamani Diori da yawancin sarakuna, da goyon bayan hukumar Faransa, suka ce a amsa i. Masu i suka rinjaya da wajen kashi 78 cikin ɗari, kafin shekara ta ƙare Djibo Bakari ya sauka.

A gefenmu kuwa an yi irinta a yankin Kamaru ta Arewa, wajen Mubi da Gwoza da Dikwa, wanda Ingila ke riƙo amana a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin Nuwamba 1959 aka tambaye su, ko su shiga Jihar Arewa ta Nijeriya, ko a jinkirta maganar. N.P.C. ta ce su shiga, abokan hamayyarta suka ce a jinkirta. Mutum 70,546 suka zaɓi jinkiri, 42,788 suka zaɓi shiga. Wannan ya girgiza Kaduna, domin bayan wata guda tak, a zaɓen Disamba, fartanya ta sami ƙuri'u masu yawa a wannan yanki. Ashe mutum yana iya bin jam'iyya wajen zaɓen wakili, ya saɓa mata in an tambaye shi ra'ayinsa a kan magana guda. Abin da ya dame su shi ne yadda a ke mulkinsu daga Yola da Borno. Gwamnati ta gane, aka gyara tsarin En'e-En'ensu, aka sake tambaya cikin Fabrairu 1961, wannan karo har da mata, bisa sharaɗin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Yankin ya zama Lardin Sardauna. A ganina ba a taɓa yin zaɓe a Arewa ba wanda jam'iyya ta tilastu ta yi wa talaka bayani kamar wannan, don ba fuskar ɗan takara da za a ɓuya a bayanta.

Mutanen arewacin Zamfara ba a taɓa yi musu irin wannan tambaya ba. Manyan al'amuran da suka sake zamansu duk daga sama suka sauko. Soja suka sa su cikin Jihar Arewa maso Yamma a 1967, suka sa su cikin Jihar Sakkwato a 1976, a shekarar kuma aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Jihar Zamfara kanta, wadda aka daɗe ana nema, Janar Sani Abacha ne ya yanke ta da doka ran 1 ga Oktoba 1996. Shari'ar Musulunci da aka ƙaddamar a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki cikin Janairu 2000, alkawari ne da Alhaji Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya yi wajen neman zaɓe, Majalisar Dokokin Jiha ta mai da shi doka. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci ƙuri'ar raba gardama wajen ƙirƙiro sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, da wajen yi wa ɗan majalisa kiranye. Na kiranyen sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sa'an nan a jefa ƙuri'a. An gwada a Kogi ta Yamma cikin 2018, abin ya mutu tun wurin tantance hannu. Ban ga laifin mai karatu ba in bai taɓa jin wannan daga bakin wakilin jam'iyyarsa ba, gama ba mai nuna wa wani sandar da za a doke shi da ita.

Mu koma ga zaɓen mutum. Bayan juyin mulkin Janairu 1966 aka yi fiye da shekara goma sha biyu ba jam'iyya. Da aka dawo a 1979 abubuwa biyu sun sake. Na fari, mata sun shiga, an kuma mai da shekarun zaɓe 18, sai jam'iyyu suka nemi mata masu baki waɗanda za su shiga gidajen kulle su nuna alama. Na biyu, an bar akwati-akwati. Takarda guda ce ɗauke da alamun jam'iyyu biyar, mutum ya shafa tawada a babban yatsa ya dangwala. Sabon karatu ke nan: a dangwala wuri ɗaya, kada yatsa ya hau kan layi, a naɗe takarda yadda tawada ba za ta shafi wata alama ba. N.P.N. tana da gida da masara, kirarinta “Aminci”, P.R.P. ta Malam Aminu Kano tana da mabuɗi, kirarinta “Nasara”, G.N.P.P. ta Waziri Ibrahim kuwa “Adalci”. N.P.N. ta ci Jihar Sakkwato, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama Gwamna, G.N.P.P. ce ta bi mata.

Zamanin Janar Babangida aka koma wa wani abu mai kama da na ƙofar dagaci. Jam'iyyu biyu gwamnati ta kafa, S.D.P. mai doki da N.R.C. mai mikiya, a zaɓen ƙananan hukumomi na 1990 da na gwamnoni na 1991 kuma layi a ke yi a fili bayan hoton ɗan takara, a ƙidaya kawuna. An ce don a hana maguɗi ne. Ya hana wani, amma bara ba ya iya tsayawa layin da ubangidansa ba ya ciki. A wannan zamani ne ɗan Shinkafi, Alhaji Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, ya nemi N.R.C. ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa, ya yi nisa, sai gwamnati ta soke zaɓen fid da gwanin na 1992 gaba ɗaya. A 1999 ya tsaya mataimakin Olu Falae, ba su ci ba.

Daga 1999 Zamfara ta zama ƙasar masara, alamar A.P.P., wadda daga baya ta koma A.N.P.P. Yarima ya yi shekara takwas, mataimakinsa Alhaji Mahmud Aliyu Shinkafi ya gaje shi a 2007, Alhaji Abdul'aziz Yari ya karɓa a 2011. A 2013 A.N.P.P. ta narke cikin A.P.C. mai tsintsiya. Cikin waɗannan shekaru ne wata kalma ta shigo wadda ta taƙaita dukan wa'azin jam'iyya, ita ce “sak”. Ma'anarta, daga shugaban ƙasa har ɗan majalisar jiha alama ɗaya za ka dangwala wa, kada ka tambayi ko wane ne a bayanta. Masu jayayya da wannan su kan ce a bi cancanta. Sak tana da sauƙi, ba shakka, balle a zaɓen 2019 da 'yan takarar shugaban ƙasa suka kai 73, takarda ta yi tsawo kamar rawani, tsoho ya yi ta laluben alamarsa. Amma a wannan shekara ce aka ga iyakarta.

Doka ta ce kafin jam'iyya ta tsai da ɗan takara sai ta yi zaɓen fid da gwani cikin wa'adin da hukumar zaɓe ta sa. Wa'adin ya cika ran 7 ga Oktoba 2018, alhali A.P.C. ta Zamfara ta rabu, ɓangaren Gwamna Yari a gefe guda, ɓangaren su Sanata Kabiru Marafa a gefe guda. Hukumar zaɓe ta ce ba a yi zaɓen fid da gwani ba, don haka ba ta karɓar sunan kowa. Aka tafi kotu. Rana ɗaya cikin Janairu 2019 kotuna biyu suka yi hukunci, ta Gusau ta ce an yi, ta Abuja ta goyi bayan hukuma. Daga bisani aka sa tsintsiya cikin takardar zaɓe, 'yan jam'iyya suka bi gari gari, Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji, suna cewa a yi sak. Mutane suka yi. A zaɓen gwamna na 9 ga Maris aka ba ɗan takarar A.P.C., Alhaji Mukhtar Shehu Idris, ƙuri'a 534,541, aka ba Alhaji Bello Matawalle na P.D.P. mai lema 189,452. Tsintsiya ta share kujerun majalisun tarayya da na jiha.

Ran 24 ga Mayu 2019, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa A.P.C. ba ta da ɗan takara ko ɗaya a Zamfara, sabo da haka duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Waɗanda suka zo na biyu aka ba kujerun, tun daga gwamna, da sanatoci 3, da 'yan Majalisar Wakilai 7, har 'yan majalisar jiha 24. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san in takardar farko ba ta zauna daidai cikin fayil ba, abin da aka ɗora a kanta ba ya tsayawa, ko da ya kai tsawon kuka. Amma dubi wanda asarar ta faɗa wa. Mutum ya bar gonarsa ko rumfarsa, watakila ma ya biyo hanyar da 'yan bindiga ke tarewa, ya tsaya cikin rana, ya dangwala inda aka nuna masa, bai kuskure ko layi ba. An koya masa alama sarai. Ba a gaya masa cewa shari'a tana gaban kotu ba, kuma tana iya cinye ƙuri'arsa.

Waɗanda suka dangwala wa lema su ma ba su daɗe suna murna ba, gama cikin Yuni 2021 Gwamna Matawalle ya koma A.P.C. Ba shi ne farau ba, Gwamna Mahmud Shinkafi ya bar masara ya shiga lema tun 2009. Tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya jam'iyya ba tare da ta rabu ba ya rasa kujerarsa, amma bai faɗi haka a kan gwamna ba.

A 2023 mutanen jihar suka raba ƙafa. A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu tsintsiya ce ta rinjaya a Zamfara, bayan mako uku kuma, ran 18 ga Maris, suka ba Alhaji Dauda Lawal, wanda ya tsaya a P.D.P., ƙuri'a 377,726, Gwamna mai ci ya sami 311,976. Wannan ma sai da ya je kotu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a sake zaɓe a waɗansu wurare, har da rumfuna a Birnin Magaji, maƙwabciyar Ƙaura, Kotun Ƙoli kuwa ta soke wannan hukunci cikin Janairu 2024 ta tabbatar da zaɓen. Cikin Agusta 2025 aka yi zaɓen cike gurbi na ɗan majalisar jiha a mazaɓar Ƙauran Namoda ta Kudu, bayan rasuwar mai riƙe da kujerar. Ba a kammala a ranar farko ba, sai da aka koma waɗansu rumfuna bayan 'yan kwanaki aka sake jefawa, sa'an nan aka ba ɗan takarar A.P.C.